Jarrabawa a Bakin Kamina

Shekara ashirin da biyu na yi ina sayar da shayi da gahawa a gindin dalbejiyar da ke ƙofar kwalejin zane-zane a Hartum, don haka kada wani ya zo ya ce zai koya mini abin da ake yi a ciki. Ban taɓa riƙe fensir ba, amma da ganin hannun ɗalibi na san sashensa. Masu fenti suna zuwa da warin mai a riga, masu ɗab'i farcensu baƙi ƙirin kamar na makanikai, masu sassaƙa kuwa sai ka rantse daga ginin katanga suka fito. Su suka fi ɓata mini kofuna, su kuma na fi so.

Sunana Lami, a Umbadda nake zaune, can Umdurman. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano za su Makka, suka yada zango a nan, zangon da har yau ba mu tashi ba. Sabuwa 'yar yayana Muntari ce, kuma ni na jawo ta cikin wannan harka. Tun tana sakandare take biyo ni ranar hutu, sai ta bar ni da tire ta je ta maƙale a tagar ɗakin sassaƙa. Da ta ci jarrabawar shiga, na yi guɗa har maƙwabta suka zaci aure ne.

Yaya Muntari bai yi murna ba. Shi mai wuta ne a Aljirif, bakin kogi, inda ake yin jan bulo. A can ake jera ɗanyen bulo dubbai ya zama tsauni, a bar ramukan wuta a ƙasa, a shafe jikin da laka, shi ne kamina. Kunna ta da kashe ta aikin Yaya ne, shekara talatin. Mutum ne mai addini, wanda carbi ba ya barin aljihunsa. Da ya ji sashen da 'yarsa ta zaɓa sai ya ce, "Gumaka za ki je ki koyo?" Na yi magana, uwarta ta yi magana, da ƙyar ya sauko. Ya ce shekara huɗu ya ba ta, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba, ta samu takarda ko ba ta samu ba. Ya kuma ce idonsa ba zai taɓa kallon abin da ta ƙera ba. Wanda ya san Yaya ya san ba ya maimaita magana.

Wallahi waɗannan yara suna shan wuya, mutanen gari ne ba su sani ba. Shekarar farko gaba ɗaya Sabuwa tulu take zanawa. Tulu daga gaba, tulu daga gefe, tulu da inuwarsa, har na ce mata, "Ke, tulun nan ya yi miki wani laifi ne?" Aka kai su ɗakin ɗab'i suka yi ta ƙarzar roba da ƙarfe, aka ba su fenti suka ɓata mini mayafi biyu. Sannan ta faɗa hannun Ustaza Mawahib, malamar sassaƙa, wata 'yar siririya mai tabarau wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba, amma ko ƙarti suna shakkarta. Wata guda cur ba ta bari su ƙera komai ba, sai kwaɓa laka da murza ta. In ɗalibi ya ce ya gama, ta sa waya ta yanke curin gida biyu, in ta ga ƙwayar iska ko ɗaya a ciki ya koma farko. Na sha ganin ta tsaya a bayan ɗalibi minti goma ba ta ce uffan ba, sai ta miƙa yatsa ta nuna wuri ɗaya ta wuce. Yaron zai fito wurina yana gunaguni, washegari ya dawo ya ce ashe gaskiyarta.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yakan yi babban aiki guda, shi kwamiti zai duba a ba shi takarda ko a ce ya maimaita shekara. Wata biyar Sabuwa tana kan nata, ba ta bari na gani ba sai da ta gama. Rannan ta ja hannuna zuwa ɗakin, ta yaye buhun da ta rufa. Ai sai na nemi kujera na zauna. Tsohuwa ce a zaune, tsayinta ya kai ƙuguna, ta miƙe ƙafa ɗaya ta tanƙwashe ɗaya, faifai a cinya tana tsince gyaɗa. Fuskar sumul take, ba ido ba baki, Sabuwa ta ce saboda babanta ta bar ta haka. Amma wa ke buƙatar fuska? Ga wuyan nan a karkace hagu, ga kafaɗar da ta fi ɗaya sauka, ga kitson shuku ba ɗankwali, yadda take zama a tsakar gida in ba baƙo. Innarmu ce, wadda ta rasu shekara shida kafin nan.

Saura a gasa ta, don ƙa'idar sashen ita ce ɗanyar laka ba ta zuwa gaban kwamiti. Kwana goma sha ɗaya kafin jarrabawa tandun lantarkin kwalejin ya yi ƙara ya mutu, bayan an yi ta ɗauke wuta ana maidowa. Masu ƙananan kaya suka kwashi nasu zuwa wurin masu tukwane. Na Sabuwa babu tandun da zai ɗauka. Ta zo ta zauna a kan bencina tana hawaye cikin shayi.

Na ce, "Ke, share fuskarki. Duk Hartum wa ya fi ubanki sanin wuta?"

"Gwaggo, kin san ba zai yarda ba."

"Ni na san shi kafin ki san shi. Tashi nemo mota."

Ranar Alhamis da hantsi muka isa Aljirif a bayan wata tsohuwar akori-kura, mun naɗe Inna da buhuna mun kewaye ta da katifa. Yaya na tsaye a gindin kamina, rawaninsa ya yi ja da ƙura. Na faɗa masa abin da ya kawo mu, ban dai faɗi ko wace ce a cikin buhun ba, Sabuwa ma ta roƙe ni kada in faɗa. Ni har na fara tattaro zagin da zan yi masa. Can ya ce, "Na ce ba zan kalla ba, kuma ba zan kalla ba. Amma ban ce zan bar wahalar 'yata ta lalace ba. Ku sauke."

Aka sauke a inuwar rumfa. Ya tambayi kaurin jikin, Sabuwa ta ce yatsa uku, cikin kuma rami ne, da huda a ƙasa. Ya gyaɗa kai. Sai ya tsuguna ta baya, ya ɗaga gefen buhun kaɗan, ya rufe ido, ya manna kuncinsa a jikin lakar. Haka suke gane ɗanyen bulo, in ya yi sanyi a kunci to da sauran ruwa a ciki, ko da ya bushe ƙayau a ido. Ni da na san bayan wa ya manna wa kunci, sai da na juya ina kallon kogi.

Ya miƙe ya ce, "Ba ta bushe ba. Da kun sa ta a tandunku da ta tarwatse."

Sabuwa, da ke kiran babanta Yaba irin na yaran Hartum, ta ce, "Yaba, sati uku tana shan iska fa."

"A ɗaki mai siminti. Ta sha iskar ƙarya."

Da Ustaza Mawahib ta ji wannan magana, washegari sai ga ta a raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, da littafinta. Ta tsuguna ita ma ta sa kunci, ta miƙe ta cire tabarau ta ce masa da Larabci, "Baffa, gaskiyarka. Ni na duba aikin nan na ce ya bushe, kuskurena ne." A gaban ɗalibarta ta faɗa, ko gezau. Tun ranar na ƙara girmama matar nan. Daga nan kullum bayan darasi tana Aljirif, takalminta cikin toka, tana tambaya tana rubutawa. Yaya tun yana amsa mata da kalma ɗaya-ɗaya har ya fara zana mata ramukan wuta a ƙasa da tsinke.

Kwana huɗu ya bar Inna a inuwa inda iskar kogi ke ratsawa, kullum da safe ya sa kunci ya girgiza kai. Ranar Litinin ya ce to. Ya gina mata 'yar kamina tata ita kaɗai da gasasshen bulo, da buhun a jikinta, ya ce wuta za ta cinye buhun. Sai hayaƙi. Kwana uku ba harshen wuta ko ɗaya, busasshen kashin shanu kawai yake turawa yana ci a hankali. Yakan tara tafin hannu a bakin hudar sama, in ya ji damshi ya ce da saura. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sa itace. Ya ɗaga wutar kaɗan-kaɗan har cikin ramin ya koma ja, ya koma ruwan lemo, ranar Asabar da hantsi ya toshe kowace ƙofa da laka ya wanke hannu.

Kwamiti kuwa Lahadi da Litinin zai zauna, ya rufe da azahar, don baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a zai koma garinsu ranar Talata da sassafe. Sabuwa ta lissafa da yatsu ta ce, "Yaba, gobe da yamma za mu buɗe ko?"

"Litinin, bayan la'asar."

"Yaba, da azahar suke rufewa!"

"In na buɗe gobe iska ta buge ta, za ta tsage daga sama har ƙasa, kina tsaye za ki ji ƙarar. Wutar nan ba ta san da kwamitinku ba."

Ta roƙe shi, ta ce ko da tsaga a kai ta haka, tsagagge ya fi babu. Na sa baki, na ce masa taurin kai zai sa yarinya ta yi asarar shekara huɗu, tunda shi ne ya ce ba ƙari. Har na ce masa da gangan yake yi don kada ta gama. Allah ya yafe mini wannan, don na ga yadda maganar ta soke shi. Ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a bakin 'yar kaminar ya zauna, ya ce duk mai son buɗewa sai ya ɗaga shi tukuna.

Ranar Litinin na kafa tukunyata tun da sassafe, raina a ɓace. Ustaza Mawahib ta riga ta roƙi kwamiti su je Aljirif, shugaban ya ce ba a taɓa yi ba. Shugaban nan Dakta Zainul'abidin ne, tsohon mai fenti, wanda tun gashinsa na baƙi yake shan gahawata da citta ba sukari. Ƙarfe goma ya fito hutu ya zauna a kujerarsa ya miƙo hannu. Na ci gaba da fifita gawayi kamar ban gan shi ba.

Ya ce, "Hajja Lami, lafiya?"

Na ce, "Yau babu."

"Ga ta nan tana tafasa."

"Ta masu zuwa Aljirif ce. Dakta, kai ne kullum kake zama a nan kana cika mini kunne, wai zane ba a ɗaki yake ba, wai yara su fita su ga mutane. Ga shi an ce ka ratsa gari kawai, ka ce ba a taɓa yi ba. Tandunku ne ya mutu ko na yarinya?"

Wani ɗalibi ya ƙware da shayi. Dakta ya dube ni, ya dubi tukunyar, ya dubi Ustaza Mawahib da ke tsaye tana goge tabarau kamar ba ta ji komai ba. Ya tambaye ta ko aikin ya cancanci tafiyar. Ta ce, "Ban ga irinsa ba tun da na fara koyarwa, in ya fito." Ya yi ajiyar zuciya ya ce a rubuta cewa zaman kwamiti zai ƙare a Aljirif. Na zuba masa har kofi biyu.

Bayan la'asar muka isa, malamai huɗu a motar haya, ɗalibai kusan ashirin a bas, ni da tukunyata. Masu bulo suka bar aiki suka kewaye mu, laka har gwiwa, suna tambayar ko gwamnati ce. Sabuwa na gefe, ta riƙe hannuna har yana mini zafi. Yaya ya gaisa da baƙi a gajarce. Ya dafa jikin kaminar da bayan hannu, ya yi bismilla, ya fasa lakar sama.

Ɗaya-ɗaya yake cire bulon yana miƙa wa na bayansa, kansa a juye gefe don kada ya gani. To amma mai wuta dole ya duba ko wutarsa ta yi, wannan ba ya iya hana kansa. Da ya cire layi na huɗu sai ya saci kallo. Na ga hannunsa ya tsaya da bulo a sama.

Buhun ya ƙone, toka ta zube. Kan ya fito ja kamar garwashi, gefen hagu da baƙi-baƙi inda hayaƙi ya lasa, kitson nan layi-layi ba abin da ya taɓa shi. Ga wuyan a karkace. Yaya ya ajiye bulon a hankali. Bakinsa ya motsa, mu na kusa ne kaɗai muka ji.

"Inna."

Sai ya waiga ya ga maza sun fi arba'in sun zuba ido, malamai da ɗalibai da leburori. Kafin kowa ya gane me ke faruwa ya warware rawaninsa, ya yarfa shi ya rufe mata kai da kafaɗu, ya gyara gefen ya sauko har ƙirji, yadda take yi in ta ji sallamar baƙo. Innarmu har ta koma ga Allah wani namiji na waje bai taɓa ganin kitsonta ba. Ya tsaya a gabanta da kansa a buɗe, furfura a waje, shi da ko a gida ba ya zama ba hula.

Ba wanda ya yi dariya. Baƙon malamin ya buɗe baki zai yi magana, Dakta Zainul'abidin ya dafa masa hannu. Yaya ya ci gaba da cire bulo, yanzu da ido biyu yake kallo, har ƙafar da ta miƙe ta fito, da faifan, da yatsun da ke tsince gyaɗa. Ya zagaya ta, ya shafa bayan, ya shafa gindin, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ta yi ƙara tangaran. Babu tsaga ko ta gashi.

Dakta ya matso ya ce, "Ya Hajj, ba za mu iya ba da maki ba sai mun ga aikin duka. Da izininka."

In ya ce a'a, shi ke nan, an yi tafiyar banza. Sabuwa ta saki hannuna ta je ta tsaya kusa da shi. Ya daɗe yana kallon ta, kamar yau ya fara ganin ta. Sannan ya juya ga masu bulo ya daka musu tsawa su koma bakin aikinsu, ɗalibai maza kuma su ja baya can wurin bas. Suka watse sumsum. Ya ce malamai huɗun nan su kaɗai, su ma don dole.

Ya ce wa Sabuwa, "Ke za ki buɗe. Ni ba zan iya ba."

Ta ɗaga rawanin da hannu biyu. Malamai suka zagaya, suka tsuguna, suka yi ƙus-ƙus, baƙon ya yi ta tambayar ta yadda ta ɗaure nauyin kafaɗa a kan rami, tana amsawa. Ba su kai minti goma sha biyar ba Dakta ya rufe fayil ya ce ta ci, da daraja ta ɗaya. Na cika Aljirif da guɗa har jakunan masu ɗiban laka suka firgita. Ustaza Mawahib ta rungume ɗalibarta, tabaraun ya faɗi cikin toka.

Yaya bai ce mabruk ba, wato barka. Ya karɓi rawanin daga hannun 'yarsa ya sake rufe kan, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar da ta miƙe. Sabuwa ta tsuguna a gabansa ta ce, "Yaba, ka yafe mini, ban faɗa maka ba."

Ya girgiza kai, hawaye na bin ƙurar fuskarsa. Ya ce, "Shekara shida ina ƙoƙarin tuna yadda take zama, ya ɓace mini. Ke yaya aka yi kika riƙe?"